Leaflet: taswira mai sauƙin ɗauka

Idan mai gina manhaja ya tambaye ni da wace taswira zai yi aiki, ba na saurin ce masa Google Maps, duk da cewa ita kowa ya sani. Nakan fara tambayarsa su wa za su buɗe manhajar, da wace irin waya, kuma daga aljihun wa kuɗin zai fito. Sau da yawa amsar takan kai mu ga Leaflet, manhajar nuna taswira wadda na daɗe ina aiki da ita kuma har yau ba ta gundure ni ba.

Volodymyr Agafonkin, ɗan Yukiren daga birnin Kiev, shi ya rubuta ta, aka fitar da ita a 2011 yana aiki da kamfanin CloudMade. Abin da ya fara jan hankalina rashin nauyinta ne. Idan an matse ta, kilobayit 40 ce da 'yan kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙauye yana ɗaga waya sama don neman sabis ya san darajar wannan.

Sai dai Leaflet ba ta da taswirar kanta. Aikinta irin na mai shimfiɗa tayil ne: wani ke yin tayil ɗin, nata shi ne jerawa. Taswirar tana zuwa ne a ƙananan hotuna masu kusurwa huɗu, kowanne ɗigo 256 tsaye da kwance. A matakin farko duniya duka hoto ɗaya ce, kuma duk matakin da ka ƙara matsowa kowane hoto ya rabu huɗu. Leaflet ba ta ɗauko komai sai abin da ke gaban idonka. A nan gwanintar take. Ja taswirar da yatsa ka saki, za ka ga ta ɗan ci gaba da tafiya kafin ta tsaya a hankali. Matso da ita, tsohon hoton zai kumbura ya riƙe wurin har sabon ya iso, don kada fuskar wayar ta yi wayam. Ba wanda zai buɗe manhaja ya yaba waɗannan, amma da babu su da an ji a jika.

Aiki da ita ma ba wuya. Layi ɗaya ya kafa taswirar ya faɗi inda za ta buɗe, na biyu ya faɗi inda za a ɗauko hotunan, na uku ya kafa alama a kan asibiti ko rijiyar burtsatse. Littafin bayaninta shafi ɗaya ne dogo, an rubuta shi a tsanake, kuma sunan kowane umarni yana faɗin aikinsa. Na ga ɗalibi ya kafa taswirar unguwarsu tsakanin Azahar da La'asar.

Galibi hotunan da ake ɗora mata na OpenStreetMap ne, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke da ikon gyarawa. 'Yan sa-kai sun zana Port-au-Prince a kanta bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, suka sake yin haka a Gini, Laberiya da Saliyo lokacin Ebola a 2014. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne, idan lungunku ba ya ciki, ba sai ka rubuta wa wani kamfani koke ba. Ka shiga ka zana shi, ka sa masa sunan da mutanen wurin ke kiransa, har da gurbin sunan Hausa daban.

Sannan ga maganar kuɗi. A tsakiyar 2018 Google ta sauya tsarin farashinta: buɗe taswira sau 1,000 ya tashi daga rabin dala zuwa dala 7, kuma dole ka ɗora katin banki. A Disambar 2020 kamfanin Mapbox ya rufe lasisin sabon samfurin manhajar taswirarsa, abin da ya sa wasu suka ɗauki tsohon suka ci gaba da shi da sunan MapLibre. Leaflet tana nan a kan lasisinta na kyauta tun farko, alhali Agafonkin kansa ma'aikacin Mapbox ne tun 2013. Ga wanda ke karɓar naira yana biyan dala, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne.

Amma kyautar tana da iyaka, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. Injinan OpenStreetMap da gudummawa ake riƙe su, ba a yarda manhaja mai ɗimbin jama'a ta jingina a kansu ba. Da zarar aikinka ya bunƙasa, ko ka biya kamfani irin MapTiler, ko ka ajiye hotunan a naka injin. Neman adireshi ma ba ya cikin Leaflet. Nominatim, da ake yawan haɗa ta da shi don wannan aikin, tambaya ɗaya kawai yake karɓa a daƙiƙa, kuma ba ya gane kwatance irin namu na "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure". Wajen sanin shaguna da cunkoson hanya kuwa, Google ta yi nisa, gaskiya ɗaya ce.

Shekaru ma sun fara nunawa. Tunda sunayen garuruwa a jikin hoton suke, ba ka da ikon sauya musu harshe ko launi daga wayar mai kallo, kuma taswirar ba ta juyawa ta bi inda direba ya fuskanta. MapLibre tana yin duk wannan, shi ya sa nake tura masu manhajar kai saƙo ko ɗaukar fasinja can, ko da yake ta fi nauyi kuma ta fi wahalar da tsohuwar waya. Idan alamominka suka kai dubbai, Leaflet takan fara jan ƙafa sai an ƙara mata abin da ke dunƙule su. Irin waɗannan ƙarin suna da yawa, wasu masu kyau ƙwarai, wasu kuma masu su sun yi shekaru ba su waiwaye su ba, don haka a duba ranar gyaran ƙarshe kafin a ɗauka.

Akwai kuma wani ɗan tarko da na so a ce an rubuta shi da jan alƙalami a shafin farko. Leaflet tana fara karɓar lambar kudu da arewa, sannan ta gabas da yamma, amma fayil ɗin GeoJSON da ake zuba mata bayanai da shi akasin haka yake jerawa. Kano tana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas. Juya lambobin biyu, alamar da ka kafa a Kasuwar Kurmi za ta bayyana kusa da Ganye, a kudancin Adamawa.