Faifan marfin kwalba ya cancanci shiga kayan biki

Wata ƙaramar sana'ar hannu ta fara leƙowa gidajenmu a Damagaram, kuma ta wayar salula ta fi shigowa. Yarinya za ta gani a Facebook ko TikTok, ta tara marfin kwalbar lemo, ta roƙi ƙyallaye wurin tela, ta zauna da allura da zare. Kafin rana ta faɗi ta fitar da ɗan faifai mai launi, wanda ake ɗora butar shayi ko kwanon miya mai zafi a kai. Wasu a ɗakinsu suke ajiyewa. Wasu kuwa sun fara kai shi gidan suna da gidan amarya da sunan kyauta, kuma a nan ne baki ya rabu biyu. Akwai masu cewa basira ce. Akwai masu cewa raini ne a tsinto abin bola, a naɗe shi a tsumma, a miƙa wa mutum ranar farin cikinsa. Ni ina bayan masu yi, amma da sharaɗi.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, marfin ƙarfe ake nema, mai haƙora a gefe, irin wanda ake ɓallewa da mabuɗi. A wanke shi da sabulu, a shanya har ya bushe ƙayau. Sai a yanka ƙyalle a kewaye, faɗinsa wajen santimita 7, a bi bakinsa da allura shiga-fita, a sa marfin a tsakiya, a ja zaren. Ƙyallen zai tattaro ya rufe ƙarfen ruf, sai a ƙulle. In an tara da yawa a haɗa su gefe da gefe. Ɗaya a tsakiya da shida kewaye da shi, 7 ke nan, mazaunin kofin shayi. A ƙara zagaye na 12 ya zama 19, ya ɗauki buta. A ƙara na 18 ya zama 37, ya ɗauki tukunya. Ramin da ke cikin kowane marfi yana riƙe iska, tsayinsa kuma yana ɗaga gindin tukunya daga ƙasa, shi ya sa zafi ba ya cin tabarma ko ledar ɗaki.

Ba mu muka ƙirƙiro shi ba, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Marfin kansa wani mutumin Baltimore a Amurka, William Painter, ya ƙago shi a 1892, kuma na yau haƙora 21 gare shi. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce matan Amurka suna lulluɓe shi da saƙar kwarashi, su haɗa shi ya yi siffar nonon inabi. A Gana da Uganda da Kenya da atamfa ake rufe shi, ana sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido. To amma aikin da yake yi mun daɗe da saninsa. Tun kaka da kakanni mace ba ta tarewa ba tare da faya-fayai ba, na rufe ƙwaryar fura, na bakace, na jere a bango. Hannun da ya saba ɗinka faifai da kaba ba zai yi baƙunta a wannan aiki ba.

Masu maganar bola kuwa, ina roƙonsu su dubi garin da muke ciki. Fata mece ce in ba abin da ya rage bayan an yanka dabba an raba nama ba? Amma majema da dukawan Damagaram sun mai da ita abin da a da ayari ke ɗauka daga unguwar Zango ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, sun mai da ita jaka da kuben wuƙa da kayan doki da ake hawan salla da su a ƙofar fada. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, a nan cikin gari aka zuba igwa. Kara kuma, bayan an cire zangarniya me ya rage masa? Ga shi da shi samarinmu ke yin wasan kara, su ƙera abubuwan da ke tara jama'a suna kallo suna tafi. Tukwanen garin Mirya laka ce. Ba mu taɓa auna darajar aikin hannu da tsadar abin da aka fara da shi ba. Da hannun da ya taɓa shi muke aunawa. Can a duniya ma haka ne. El Anatsui, mutumin Gana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun 1975, da marfin kwalba da wayar tagulla yake haɗa manyan ayyukan da ke rufe bango guda, kuma a 2015 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na birnin Banis a Italiya.

Amma ba don wannan na fi son abin ba. Ƙyallen ne ya ja ni. Na ga wani faifai mai marfi 37 da ƙanwar wata amarya ta yi mata. Zagaye na waje da ragowar ankon bikin ta rufe shi, shuɗi mai ɗigon ruwan ɗorawa. Na biyu da ankon ƙawaye. Marfin tsakiya kuwa da ɗan yankin tsohon zanen mahaifiyarsu ta lulluɓe shi, wanda har ya koɗe don wanki. Amarya na buɗewa ta gane zanen, ba sai an gaya mata ba. A kusurwar ɗakin ga tarin kuloli da robobi da aka kawo gudummawa, yawancinsu iri ɗaya, launi ɗaya, daga shago ɗaya. Bayan wata shida ba za ta iya tuna wace ce ta kawo wanne ba. Wancan faifan kuwa kullum ta ɗora wa mijinta shayi sai ta tuna ranar bikin da mutanen da suka zo mata. Kuɗi ba sa sayen wannan a kasuwar Dole.

Akwai kuma maganar nauyi. Mata mun san biki bashi ne: abin da aka kawo miki yau, gobe sai kin mayar da ɗori. Mace nawa ce ke ƙin zuwa sunan ƴar'uwarta don ba ta da jika biyu a hannu? Yarinya nawa ce ke laɓewa ranar bikin ƙawarta don ba ta da abin miƙawa? Wadda ta iya wannan aiki za ta shiga da fuskarta a sake, domin ta ba da yini guda na idonta da yatsunta. In muka raina irin wannan kyauta, mun gaya wa ƴaƴanmu ke nan cewa zumunci na mai kuɗi ne kawai.

Yanzu ga sharaɗin. In za a yi, a yi shi da kyau. Abin da zai kashe wannan sana'a tun tana rarrafe shi ne aikin gaggawa, kuma ya fara bayyana. Na riƙe wani da aka manne da gam maimakon ɗinki. Ana ɗora buta mai zafi gam ɗin ya saki, marfi ya bi ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna cusa marfin roba don shi ya fi yawa yanzu, alhali roba narkewa take a ƙarƙashin tukunya. Iyakarta mazaunin kofi. Wasu suna sa yadi mai santsi irin na roba, wanda zafi ke ƙanƙancewa. Atamfar auduga ko shadda ake so. Marfin da bai bushe ba, ko wanda ya riga ya fara tsatsa, zai fito da ja a jikin ƙyalle bayan wankin farko. Zare ya zama ninki biyu, kuma kowane marfi a kama shi da maƙwabcinsa sosai, yadda in an ɗaga faifan da hannu ɗaya ba zai yi rata ba. A kula da launi ma. Masu ɗinka faifan kaba ba sa jefa ja da kore yadda suka ga dama, tsari suke bi, mu ma mu bi.

A kula da inda marfin ya fito. A gidajenmu ba wanda zai so a ɗora masa abinci a kan marfin kwalbar giya, ko da an rufe shi da zane mai tsada, don haka na lemo kaɗai za a tara. Kada kuma a tura yara bola suna tono. A yi magana da mai shago ko mai sayar da lemo mai sanyi ya riƙa zubawa a gwangwani, a yi magana da tela ya riƙa tara ƙyallaye a buhu maimakon sharewa waje.

Ba na kuma son a ɗora wa abin nan nauyin da ba nasa ba. Ba zai tsabtace Damagaram ba. Baƙar leda da robar ruwa su ne suka addabi lungunanmu, ba marfin ƙarfe ba. Kuma kada ya zama dalilin juya wa tsofaffi masu faifan kaba baya. Kowane da aikinsa: na kaba ya rufe, na marfi ya ɗauki zafi. Wadda ta haɗa biyun a ƙunshi ɗaya ta kai wa amarya ta yi kyauta cikakkiya, ta kuma sa ciniki a hannun wata tsohuwa.

Ina kira ga malaman ɗinki a cibiyoyin koyar da mata da su sa wannan cikin darasin farko, domin yana koyar da yanka daidai, da jan zare, da haƙuri, kuma ba ya bukatar keke. Wadda ta ƙware, ba abin da zai hana aikinta zuwa baje kolin sana'ar mata na SAFEM a Yamai, kusa da kayan fata da na saƙa.

Ƙanwata mai yi, kafin ki naɗe faifan, juya shi ki dubi bayansa. In ƙulli ya fito, ko bakin ƙarfe na leƙe, warware ki sake, domin sunanki ne zai zauna a ɗakin. Ku kuma iyayenmu da yayyenmu, in yarinya ta durƙusa ta miƙo muku aikin hannunta, ku karɓa da hannu biyu, ku sa mata albarka, ku yi amfani da shi a gabanta. Yaba kyauta tukuici, kuma da irin wannan yabon ake samun gwanaye a gari.