Gadar Tacoma da bayanin da ya cika daɗin ji

Sabon ɗalibin injiniya, ranar da ya gano cewa lissafi ɗaya na iya siffanta kaɗawar sifirin da ta gada, ji yake ya gama da duniya. Littattafan fiziks da yawa kuma suna ƙara zuga shi da gadar Tacoma Narrows ta Amurka, wadda ta rushe ranar 7 ga Nuwamba, 1940, wata huɗu da buɗe ta. Wai iska ce ta riƙa tura ta daidai da saurin kaɗawarta, kamar mai tura yaro a kan lilo.

To, bayanin fa bai tsaya da ƙafarsa ba. Iskar ranar, wajen kilomita 65 a awa, ba bugu-bugu take zuwa ba. Murɗawar gadar ce ke sauya yadda iskar ke ratsa ta, iskar kuma ta ƙara murɗa ta. Billah da Scanlan sun yi wannan ƙorafi tun 1991.

Illar ita ce, ɗalibi zai saba ɗora wa abu lissafin da ya riga ya iya. Ranar da aka ba shi zanen gada, zai lissafa abin da iska ke yi mata, ya manta da abin da ita ke yi wa iskar.