Tsibirin Tiristan da Ingila: Inda Mudun Marubuta Biyu Ya Tauye

Manufata a wannan ɗan sharhi ita ce in duba yadda wasu marubuta biyu suka auna zaman Ingila da zaman wani ɗan tsibiri da ke ƙarƙashin mulkinta, sa'an nan in faɗi inda nake ganin mudunsu ya tauye. Na farko shi ne Hervé Bazin, Bafaranshe, wanda ƙagaggen labarinsa Les Bienheureux de la Désolation ya fito a 1970, ni kuwa fassararsa ta Turanci na karanta. Na biyu shi ne Peter Munch, masanin halayyar zaman jama'a ɗan asalin Norwe, mai littafin Crisis in Utopia na 1971. Tun da yake ba kowa ne a cikinmu ya san labarin da suka yi gini a kansa ba, tilas in fara da shi.

Sunan tsibirin Tiristan da Kunya. Kada mai karatu ya yi dariya, ba kunyar da muka sani ba ce, sunan wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Fotugal da ya hango wurin a 1506. Yana can tsakiyar kudancin tekun Atlantika, wajen mil 1,700 daga Cape Town, maƙwabcinsa mafi kusa da ke da mazauna kuwa shi ne tsibirin Sant Helena, wajen mil 1,500. Ingila ta ajiye soja a can a 1816, sa'ad da take tsare da Napoleon a Sant Helena. Da aka kwashe sojan a 1817, wani kofur mai suna William Glass ya ce shi ya zauna, shi da iyalinsa da abokai biyu. Suka rubuta yarjejeniya cewa aiki da amfani duk a raba daidai, kuma kada wani ya ɗora kansa bisa wani. Daga wannan ɗan iri, da mata biyar da aka kawo daga Sant Helena a 1827, da matuƙan da jiragensu suka fashe, al'umma ta tsiro, tana rayuwa da dankalin Turawa da kifi da 'yan shanu da tumaki.

A watan Oktoba na 1961 dutsen tsibirin ya yi aman wuta dab da gari. Aka kwashe mutanen duka, su 264, aka kai su Ingila, daga baya aka zaunar da su a wani tsohon barikin sojan sama a Calshot. Aka ba su gidaje masu lantarki, aka sama musu aikin albashi, hukuma kuwa ta ɗauka magana ta ƙare. Ina! A watan Disamba na 1962 aka jefa ƙuri'a, mutum 148 suka ce a mai da su gida, mutum 5 kacal suka zaɓi zama. A 1963 suka koma.

To, wannan ƙuri'a ita ce ta ɗauki hankalin marubutan nan, ita ce kuma tarkon da ke cikin jigon. Abu ne mai sauƙi marubuci ya ce ga bayin Allah da suka ɗanɗana wayewar zamani suka tofar. Don a yi adalci, Bazin bai tsaya nan ba. Ya bi mutanen har bayan komawarsu, ya nuna sun ɗauki injuna da ilmin zamani gwargwadon bukatarsu, ba su yarda kaya su mallake su ba. Salonsa mai sauri ne kamar rahoton jarida, ba ya gundura. Amma fa a nawa ganin, ba mutanen Tiristan ne a ransa ba. Littafin ya fito shekara biyu bayan boren ɗaliban Faransa na 1968, lokacin da 'yan bokon ƙasar suke ta sukar rayuwar saye-saye da tara kaya, kuma ana jin warin wannan gardama a cikinsa. Sau da yawa idan wani tauraro ɗan tsibiri ya buɗe baki, sai in ji kamar wani malami ne a birnin Faris ya ari bakinsa ya ci albasa. Tsibirin ya zama madubi, Bafaranshe yana duba fuskarsa a ciki. Mu ma ba mu tsira daga irin wannan ba: a littattafanmu masu jigon ƙauye da birni, akan wanke ƙauye tas don kawai a sami bulalar dukan birni, alhali marubucin da kansa ba zai iya wata guda babu famfo ba.

Munch ya fi shi ƙafar tsayawa, domin ya zauna da mutanen tun 1937 zuwa 1938, ya bi su Ingila, ya kuma sake komawa tsibirin bayan sun koma. Abin da ya gano shi ne zuciyar maganar, kuma a nan na fi son in daɗe. Ba lantarki ko mota ne suka dame su a Ingila ba. Abin da ya dame su shi ne zama ƙarƙashin wani. A tsibiri mutum yana da gonar dankalinsa da dabbobinsa da rabonsa a kwalekwale. In zai yi wa ɗaki jinka ya gayyaci 'yan uwa da abokai, gobe shi ma a gayyace shi, watau dai gayya irin tamu. Ba mai buga masa ƙararrawa. A Ingila kuwa kome na kuɗi ne, kuɗin kuma yana hannun mai ba da aiki, wanda zai ce ka zo ƙarfe kaza ka tashi ƙarfe kaza. Ga kuɗin haya, ga sanyi da cututtukan ƙirji da ba su saba da su ba, waɗanda suka kashe wasu daga cikin tsofaffinsu. Ashe ba talauci da wadata aka ɗora a kan sikeli ba. Mutum mai ikon kansa aka auna da ɗan ƙwadago. Duk wanda ya ga manomi ya bar gonarsa ya zama maigadi a birni ya san wannan ciwo.

Duk da haka ina da ja da Munch. Son da yake yi wa tsohon tsarin ya sa yakan kalli kamfani da hukuma a matsayin baƙin da suka zo ɓata aljanna. Amma aljannar nan ita ce a 1885 ta rasa maza 15 a kwalekwale ɗaya, sun fita neman cinikin abinci da wani jirgi, aka bar gari cike da zawarawa. Kuɗi sun shiga tsibirin tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin kamun jatanlande na teku ya fara aiki wajen 1949, mutanen kuma ba su ƙi ba. A 1966, shekara uku kacal da komawa, mutum 35 suka sake tattara kayansu suka nufi Ingila, ko da yake wasunsu sun dawo daga baya. Har yau babu filin jirgin sama. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ɗan asibitinsu sai ya jira jirgin ruwa, ya yi kusan mako guda kafin Cape Town. Yaron da ya kai shekara 16 yana son ƙarin ilmi sai ya bar gida. Jatanlande da kan sarki da ake sayar wa ƙasashen waje su ne ke riƙe da tattalin arzikin mutum ɗari biyu da 'yan kai da ke can. Tashar jirgin ruwan da aka gina musu ma Calshot suka raɗa mata. Wanda ya tsani wuri ba ya yi masa takwara.

Saura babban giɓin, wanda ba zan ɗora wa marubutan alhakinsa duka ba, domin a lokacin ɓoye maganar ake yi. A daidai shekarun da littattafan nan biyu suke fitowa, ita wannan Ingila tana kwashe mutanen tsibiran Cagos a tekun Indiya. Tsakanin 1968 da 1973 aka fitar da su kaf, mutum tsakanin 1,500 da 2,000, jikokin bayi da leburorin gonakin kwakwa, aka zube su a Morishas da Seshel domin Amurka ta gina sansanin soja a Diego Garcia. Su babu dutsen da ya yi musu aman wuta, ba a kuma ba su akwatin ƙuri'a ba. Mutanen Tiristan ma ba a banza suka sami nasu ba, don hukuma ba ta so komawarsu ba da farko. Amma suna jin Turanci, suna zaune a Ingila a idon 'yan jarida, kuma babu wata babbar ƙasa da ke kwaɗayin dutsensu. Saboda haka idan aka ce mana labarin Tiristan labari ne na mutanen da suka auna rayuwa biyu suka zaɓi ɗaya, ya kamata mai nazari ya fara tambaya: wa aka yardar wa ya yi awon?

A 2019 Kotun Duniya ta ba da ra'ayi cewa Ingila ta kawo ƙarshen mulkinta a Cagos. A 2025 Ingila da Morishas suka sa hannu a yarjejeniyar miƙa tsibiran, bisa sharaɗin sansanin Diego Garcia ya ci gaba har shekara 99. Da yawa daga cikin waɗanda aka kwashe suna manya sun riga sun rasu a ƙasar da ba tasu ba.