Cerknica: Tafkin da Ƙasa ke Haɗiyewa

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi ƙasar Sulobeniya bai leƙa tafkin Cerknica ba, to ya yi asarar kuɗin jirgi! Sau biyu na je, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Zuwan farko a watan Afrilu ne. Ruwa malala gashin tunkiya, tun daga bakin ƙauyen Dolenje Jezero har gindin duwatsun Javorniki, agwagin ruwa na ta shawagi. In ya cika yakan mamaye kusan murabba'in kilomita 26, ya zama tafki mafi girma a ƙasar. Da na koma a watan Agusta, sai na tarar da fili kore shar, manoma na yankan ciyawa daidai inda muka bi da kwalekwale. Na tsaya baki buɗe kamar baƙauye ya shigo birni!

Mu a nan mun saba da tafkin da rana ke ƙafar da shi da rani. Wannan kuwa ƙasa ce ke shanye shi. Ƙarƙashin kwarin dutsen farar ƙasa ne, wanda ruwa ya daɗe yana ci har ya zama kamar rariya, ga ramuka ga koguna. In aka tafka ruwan sama, ko ƙanƙarar duwatsu ta narke, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa sai su kasa ɗauka, ruwa ya yi ta bulbulowa har kwari ya cika. In sama ta ɗauke, sai ramukan su zuƙe shi, ya bi ta cikin duhu, wani ɓangarensa ya ɓullo a kwarin Rakov Škocjan, daga bisani ya faɗa kogin Ljubljanica. Ikon Allah!

Abin da ya fi taɓa ni shi ne masuntan wurin. Da ruwa ya fara janyewa sukan bi kududdufai suna ceto kifin da ya maƙale, su mai da shi inda ruwa ba ya ƙafewa.

Ba ni kaɗai tafkin ya ruɗa ba. Bayanin da wani masani mai suna Valvasor ya rubuta a kan tafkin ne ya sa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta karɓe shi a matsayin mamba a 1687.

Shawarata ɗaya ce: kada ka je sau ɗaya. Je ka da ruwa, ka koma da fari, ka taka da ƙafarka inda kifi ya yi iyo.