Silimar Jaguwa: tafiya Kurmi riba ce ko hasara?

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samari ke ɗaure kaya. Wannan ya ce Abijan za shi, wancan ya ce Ikko, wani kuma Libiya. Ƙila kai ma kana shawara cikin zuciyarka, ko kuwa ɗanka ne ya zo ya ce maka zai tafi biɗa. Kafin ka ce i ko a'a, zauna mu duba wata tsohuwar silima tare. Sunanta Jaguwa. Maganar tafiya wata ƙasa ta ke yi, kuma ƴan Nijar ne cikinta.

Wa ya yi ta?

Wani Bafaranshe ne ya ɗauke ta, ana ce mashi Jan Rush. Ya daɗe yana aiki a Nijar, kuma a nan ya rasu cikin haɗarin mota, kusa da Birnin Ƙonni, a shekara ta 2004. Ya ɗauki hotunan a 1954 da 1955, lokacin da ya ke binciken mutanenmu masu zuwa cin rani Gwalkwas, ƙasar da ta koma Gana a 1957. Silimar ba ta fito ba sai 1967. Tsawonta wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma da Faransanci a ke magana cikinta.

Na'urar da ya yi aiki da ita ba ta ɗaukar murya. Saboda haka sai daga baya aka zaunar da ƴan wasan, aka gwada masu hotunan, suna kallo suna hira, ana ɗaukar muryarsu. Shi ya sa in kana kallo sai ka ji kamar kana zaune a dandali, ƴan biɗa suna ba ka labari, suna dariya, suna ƙara gishiri.

Abin da ke ciki

Samari uku ne daga yammacin ƙasarmu, wajen kogin Isa. Akwai Lam, Bafillace makiyayi. Akwai Illo, masunci. Akwai Damure, wanda ya yi lakol, ya iya rubutu da lissafi. Sun tashi daga kasuwar Ayoru. Sun biya wurin mai duba don ya duba masu hanya. Daga nan suka yi kudu, suka ratsa Dahome, wadda a ke ce ma Benin yanzu, har suka ga teku. Da suka kai iyakar Gwalkwas kusa da Lome, aka tambaye su takardu, ba su da ko ɗaya. Sai suka zagaya ta bakin teku, suka shige.

A can suka rabu. Lam ya bi garken shanu zuwa Kumasi, ya kama ƴar koli a kasuwa. Illo ya zama ɗan dako a tashar jirgin ruwa ta Akara. Damure ya samu aiki wurin masu katako. Da aka ga ya iya karatu, aka ɗora shi bisa sauran leburori. Ya sayi tufafi, ya sa tabarau, yana tafe yana taƙama cikin birni. Irin wannan saurayi ne mutanen Akara ke ce ma Jaguwa a wancan lokaci, da sunan wata motar Ingila mai tsada.

Daga baya suka haɗu a kasuwar Kumasi, suka haɗa jari, suka sa ma tirerarsu suna mai ban dariya: sannu sannu tsuntsu ke ɗinka hularshi. Da damina ta gabato suka hau kamyo suka komo gida. Aka tarbe su da murna. Abin da suka yi watanni suna tarawa, suka rabar da shi kyauta cikin yini guda.

Inda ta faɗi gaskiya

Silimar nan tana da daɗin kallo, ba za mu hana mata yabonta ba. Abu na farko, ba Anasara ba ne ke ba da yawancin labarin, su matafiyan ne da bakinsu. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, ta gwada cewa ba yunwa kaɗai ke fidda saurayi daga garinsu ba. Akwai son ganin duniya, akwai son suna. Wanda bai taɓa fita ba, abokai na yi mashi dariya, ƴan mata ba su dubanshi. Kowa ya san wannan a Adar da Gobir da Damagaram, ko da ba a faɗi ba.

Na uku, ta gwada yadda tafiya ke buɗe ido. A arewacin Dahome sun tarar da mutanen Somba, waɗanda ba su sa tufafi irin namu a lokacin. Da fari sun yi mamaki, sun yi dariya. Daga baya suka ce bai kamata a yi masu ba'a ba, haka Allah ya so su. Da suka isa birni kuwa, su ne suka koma baƙi ƴan ƙauye.

Na huɗu, kuma shi ne babba gare ka kai da ke zuwa makarantar manya: duba Illo, ka duba Damure. Hanya ɗaya suka biyo, rana ɗaya ta buge su. Illo ya ƙare da kaya bisa kai, Damure ya ƙare da alƙalami a hannu yana ƙirga katako. Ba ƙarfi ya raba su ba, karatu ne.

Inda ta yi shiru

To, amma silimar nan labarin waɗanda suka komo ne kaɗai. Ga abin da ya kamata ka riƙe.

Samarin nan uku wasa su ke yi. Jan Rush na biye da su da na'urarshi. Ba za su kwana da yunwa ba a rasa mai taimakonsu. Ɗan biɗa na gaskiya ba shi da mai biye da shi. In zazzaɓi ya kama shi a zango, in mai gida ya hana shi ladar aikinshi, shi da Allah ne.

Silimar ta bi matafiya, ta bar gida. Ba ka zauna da matar da aka bari da goyo ba. Ba ka ga tsohon da ya sassabe gona shi kaɗai ba. Ba a gaya maka akuya nawa aka sayar, ko bashin wa aka ci, don kuɗin hanya ba. Wanda ya yi lissafin riba bai fidda uwar kuɗi ba, bai yi lissafi ba.

Ƙetare iyaka babu takarda kuma, an gwada shi kamar wasan yara. Ka zagaya bayan ɗan duwan, ka wuce, a yi dariya. Shekara biyu bayan fitowar silimar dariyar ta ƙare. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita. Mutane dubbai suka fito, cikinsu da ƴan Nijar. Wasu sun yi shekaru a can, sun bar gidaje da rumfunan kasuwa, sun sayar da kaya a wulaƙance. A watan Janairu na 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora a zamanin Shagari, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita. A 2002 yaƙi ya tashi a Kwaddibuwa, a 2011 ya tashi a Libiya, ƴan'uwanmu da yawa suka komo hannu wofi.

Hanyar ma ta sake. Su Damure kudu suka yi, inda ke da ruwa da garuruwa. Daga baya mutane da yawa suka juya arewa, cikin hamada. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara ƙanana, kuma da yawa daga ƙasar Kance su ke. Babu ɗayansu da ya komo ya rabar da tsaraba, babu wanda ya zauna dandali ya ba da labari.

Sauran abu ɗaya. Silimar ta ƙare da rabon kyauta, kowa na murna. Kyauta abu ne mai kyau, zumunci ne. Amma tambayi kanka: kashegari fa? Ba mu ga sun sayi garma ba, ba mu ga sun gina rijiya ba. Suna suka samu, da labari. Suna kuwa ba ya shiga tukunya. Wanda ya rabar da komai, baɗi sai ya sake ɗaure kaya.

To, a tafi ko kar a tafi?

Ba za mu zagi mai tafiya ba. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san akwai shekarar da zama gida mutuwa ne. Kuma kuɗin ƴan biɗa sun biya haraji, sun sayi hatsi lokacin bazara, sun yi aure da suna a garuruwa masu yawa. Wannan gaskiya ce.

Amma ko cikin silimar, in ka lura, abu biyu ne suka sa tafiyar ta yi kyau. Wanda ya ci gaba yana da abin yi a hannunshi, karatu ko ciniki. Kuma dukansu sun komo kafin ruwa ya sauka, gona ba ta kwana ba. Tafiyar da babu sana'a, babu takarda, babu ranar komowa, caca ce, kuma da ran mutum a ke yin ta.

Tunda ka koyi rubutu, ga aikin da za ka yi da shi. Ɗauki takarda, ka ja layi a tsakiya. A hannun dama rubuta abin da za ka kashe: kuɗin mota zuwa da komowa, kuɗin kartidante da sauran takardu, abinci, hayar ɗaki, magani, da abin da za ka bar ma iyali. Ka ƙara da abin da za ka samu in ka tsaya ka yi noman rani ko kiwo, don shi ma hasara ce in ka tafi. A hannun hagu rubuta abin da ka ke sa ran kawowa, jika nawa. Kada ka tambayi wanda ya komo da rediyo da babbar riga kaɗai. Je ka wurin wanda ya komo da dare, bai gaida kowa ba, ka tambaye shi a asirce. Sa'an nan ka karanta ma matarka da mahaifinka takardar, don su ma tafiyar ta shafe su.

In hagu ta rinjayi dama, kuma ka san wurin wanda za ka sauka, ka san watan da za ka komo, to, Allah ya kiyaye hanya. In ba ta rinjaya ba, ba abin kunya ba ne ka kwance kayanka.

In an kawo Jaguwa garinku, ka je ka kalla, ka yi dariya, ta cancanta. Bayan an tashi, ku zauna da ƴan ajinku ku ƙirga: cikin garinku mutum nawa suka tafi bara, nawa suka komo, me suka kawo, kuma nawa ne har yau ba a ji labarinsu ba. Ku rubuta sunayensu. Wannan lissafi silimar ba ta yi shi ba, ku ne za ku yi.