Farautar Aladen Daji: Bindiga, Wuri da Kasuwar Haure

A kakar farauta ta 2019 zuwa 2020, maharban Jamus sun kashe aladun daji sama da 880,000. A Faransa ma adadin ya haura 800,000 a wasu shekarun baya-bayan nan, alhali a farkon shekarun 1970 bai kai 50,000 ba. Duk da wannan kisa, dabbar sai ƙaruwa take yi. Gonakin masara sun yawaita, hunturu ya rage tsanani, macen kuma tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba, ta haifi huɗu zuwa shida bayan wata huɗu ba kaɗan. Garke ɗaya kan shiga gona da dare, kafin asuba ya tone ta kaf. Shi ya sa a Faransa ƙungiyoyin maharba ne ke biyan manoma diyyar ɓarnar, miliyoyin yuro duk shekara. A kan wannan buƙata ta manomi aka gina babbar kasuwa: kamfanonin bindiga, kamfanonin shirya tafiye-tafiye, da baƙin maharba masu tambaya biyu a baki kullum, wace bindiga zan saya, wace ƙasa zan je.

Wannan alade ba gadun dajinmu ba ne, dangi ne kawai. Ƙaton namiji kan wuce kilo 150, a wasu yankuna har 200, kuma fatar kafaɗarsa kan yi kauri da tauri saboda faɗan da yake yi da 'yan'uwansa maza. Yana gudun kilomita 40 a awa, in an ji masa rauni aka bi shi cikin ƙurmi yakan juyo, ya farke cikin kare ko cinyar mutum da haurensa. Daga nan maganar bindiga ta samo asali. Dokar farauta ta Jamus ta hana harbinsa da harsashin da faɗinsa bai kai milimita 6.5 ba, ta kuma ce dole ƙarfin harsashin ya kai jul 2,000 a nisan mita 100. Ta hana amfani da ƙwayoyin harbin tsuntsu. Manufar dokar ita ce dabba ta faɗi nan take, kada ta tafi da rauni ta kwana tana shan azaba.

Harsasan da ake yawan ambato tsofaffi ne. Akwai .30-06 na sojojin Amurka tun 1906, da .308 Winchester na 1952, da 8x57 na Jamusawa. Wanda ya fi suna a wannan farauta shi ne 9.3x62, wanda maƙerin bindiga Otto Bock ya ƙirƙira a Balin a 1905 domin Jamusawan da suka zauna a ƙasashen Afirka da suka mallake. Harsashi ne mai nauyi, wajen giram 18, ba ya da saurin kai nesa amma yana ratsa kafaɗa ya wuce. Maharba kan ɓata dare guda suna musu kan wanne ya fi, kuma a ganina musun ya fi amfanin mai shago. Duk waɗannan harsasai sun wadatar. Inda aka sa harsashin shi ne magana, kuma wannan ba a saye shi, sai an yi ta zuwa filin gwaji ana harbin allon alade mai gudu a kan dogo har hannu ya saba.

Abin da ya fi tasiri shi ne irin farautar. A farautar kora, wadda Jamus da Faransa da Polan da Hangari suka shahara da ita, ana jera maharba a bakin daji, kowa da wurin tsayuwarsa, sai masu kora da karnuka su shiga suna ihu. Wanda ya taɓa ganin gayyar farauta a ƙasar Hausa lokacin rani zai gane tsarin, sai dai a can maharbi ba ya barin inda aka ajiye shi. Aladen kan ɓullo a hanyar daji mai faɗin 'yan taku, ya tsallake cikin daƙiƙa biyu ko uku. Babu lokacin leƙa dogon madubi. Don haka ake son gajeriyar bindiga mai saurin sake ɗuri, irin Blaser R8 da ake jan makullinta kai tsaye, ko Browning BAR mai ɗura kanta, ko mai baki biyu, a ɗora mata madubin jan ɗigo irin wanda kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fara yi a 1975, wanda ake saiti da shi ido biyu a buɗe. Mai ɗura kanta ma doka ta taƙaita ta, a Jamus da Faransa harsashi uku kawai za ta ɗauka. Farautar dako kuwa daban ce. Maharbi na zaune a kan rumfar katako da dare, a farin wata, yana jiran dabba ta zo cin abinci. Harbi ɗaya ne, kuma madubi mai tara haske ya fi masa saurin ɗuri amfani.

Farautar kora tana da haɗari, kuma nan ne ya kamata mai zaɓen bindiga ya tsaya ya yi tunani. Harsashin da zai ratsa kafaɗar alade zai iya tafiyar kilomitoci in ya kuskure. A Faransa ana koya wa maharbi, da zarar ya isa wurin tsayuwarsa, ya yi taku biyar zuwa wajen maƙwabcinsa, sannan taku uku zuwa gefen da za a yi harbi, ya kafa alama. Daga alamar zuwa maƙwabcin ba a ɗaga bindiga, komai girman abin da ya fito. Ana kuma so a harba ƙasa-ƙasa yadda harsashi zai nutse a turɓaya. A Disambar 2020, a yankin Lot, wani saurayi mai shekara 25 yana faskaren itace kusa da gidansa wani maharbi ya harbe shi har lahira, ya ce ya zaci alade ne. Kisan ya tayar da ƙura a faɗin ƙasar. Ba rashin bindiga mai kyau ya jawo shi ba.

Sannan batun wuri. A Sifen, a tsaunukan Siyera Morena da Toledo, ana yin babbar kora da garken karnuka masu yawa. Da safe a ci karin kumallo tare, a jefa ƙuri'a kan wuraren tsayuwa, da yamma masu karnuka su busa ƙaton ƙwanson teku su tattara karnukansu, a jera abin da aka kashe a fili. Hangari da Polan suna tallata dazuzzukansu. A Tekzas ta Amurka tun 2011 doka ta yarda baƙo ya biya kuɗi ya harbi aladun da suka koma daji daga cikin helikwafta, abin da ya fi kama da kashe ƙwari, ba farauta ba. Abin lura shi ne wasu wuraren da aka fi rububi ƙasashen Musulmi ne. A Turkiyya da Maroko da dazuzzukan Ain Draham da Tabarka na arewa maso yammacin Tunisiya, mutanen gari ba sa cin naman domin haramun ne, saboda haka aladen kan tsufa, haurensa ya yi tsawo. A Turkiyya ana samun haure mai wuce santimita 20, kuma kuɗin da baƙo zai biya yana bin tsawon hauren. A Tunisiya da Maroko kuwa bindiga mai santsin ciki ake yarda da ita, mai harba dunƙulallen harsashi guda, don haka duk musun 9.3 da .308 ya ƙare tun a filin jirgi. Wuri ne ke zaɓar bindiga.

Nan ne nake ganin al'adar ta kauce. Hujjar da ake kawowa kullum ita ce kare gonar manomi, kuma hujja ce ta gaskiya. Amma baƙon da ya biya dubban yuro ƙaton namiji yake nema, wanda zai kafa haurensa a bangon falo. Kashe tsohon namiji ɗaya ba ya rage haihuwa ko kaɗan, domin wani namijin zai maye gurbinsa a daren. Abin da ke rage garke shi ne kashe ƙanana da matan aladu masu tasowa, aikin da ba shi da hoto mai burgewa, wanda maharban ƙauye ke yi duk mako cikin sanyi. Mafi muni, mai sayar da farauta ba ya son dabbar ta ragu, jarinsa ce. Shi ya sa ake zuba masara a daji, wasu ma su kewaye fili da waya su kiwata aladu don baƙo ya tabbata ya samu. Manomin da ke maƙwabtaka da irin wannan wuri shi ke kwana a ciki.

Ga kuma cuta. Zazzaɓin aladu na Afirka ya shiga Jojiya a 2007, ya kai Polan a 2014, ya isa Jamus a Satumbar 2020. Ba ya kama mutum, amma yana kashe kusan duk aladen da ya kama, kuma ƙwayar cutar tana daɗewa a nama da jini da taɓon takalmi. Tsoronsa ne ya sa Denmak ta kafa shingen waya mai tsawon kilomita 70 a kan iyakarta da Jamus a 2019. Maharbin da ke tsallaka ƙasashe da wuƙarsa da takalminsa da guzurin nama yana iya zama hanyar cutar.

Don haka wanda zai tafi, kafin ya tambayi tsawon haure, ya tambayi mai masaukinsa ko filin a buɗe yake ko a kewaye, ko akwai karen bin jini da zai nemo dabbar da aka raunata, wa ke jera maharba, ina gidajen mutane suke, kuma ko wani abu daga kuɗinsa zai kai ga manoman yankin. Kamfanin da ya kasa amsa waɗannan bai cancanci kuɗin kowa ba.