Abin da Hoton Sarki Yake Faɗa

A ƙarni na 17, mutanen ƙasar Holan sun ƙware wajen sassaƙa hoton mutum a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a buga ɗaruruwa a takarda. Willem Delff ya yi ta buga hotunan Yarima Maurits cikin sulke, da sunansa da muƙamansa a rubuce. Amma ƙasar jamhuriya ce, mafi yawan manyanta 'yan kasuwa ne da malaman coci da hafsoshin ruwa, don haka sai kowa ya nuna abin da ya ba shi girma. A 1639 Rembrandt ya zana Jan Uytenbogaert, babban mai karɓar haraji, zaune gaban ma'aunin zinariya da littafin lissafi, wani yaro a durƙushe kusa da shi. A 1647 ya zana Jan Six jingine da taga yana karatu, takobinsa a ajiye gefe, alamar cewa ilimi ne adonsa.

Mu kuwa a nan, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, hoton da ya fi kowanne rataya a shaguna da zauruka shi ne na sarki, kuma hanyarsa daban ce. Dubi kalandar da ke ɗauke da Sarkin Kazaure Najib Hussaini Adamu, wanda ya hau gadon sarauta a 1998, ko kowane hoton marigayi Ado Bayero na Kano. Rawani ya sauko har goshi, amawali ya tare baki da haɓa, alkyabba ta lulluɓe kafaɗu har ba ka gane ƙirar jikin. Idanu kawai aka bar maka, su ma ba sa neman yardarka. Ba murmushi, ba littafi, ba alamar sana'a. Abin da ke magana shi ne sandar girma a hannu, da dogarai masu ja da kore a baya, a Kano kuma har da kunnuwan rawani biyu da takalmin gashin jimina.

A ganina nan ne hikimar take. Baholande yana buɗe fuskarsa domin da ƙoƙarinsa ya sami matsayi, dole a shaida shi. Sarki kuwa gado ya hau, a Kazaure na gidan da Ɗantunku ya kafa a 1819, saboda haka hoton yana rage mutumin ya ƙara sarautar. Shi ya sa idan aka jera hotunan sarakunan gida ɗaya, sai ka ga kamar mutum guda ne yake ta dawowa. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rashin gwanintar mai ɗaukar hoto. Ba haka ba ne, kunya ce da kwarjini aka mayar da su tufafi.

Inda al'adun biyu suka haɗu shi ne takardar naira 200 da ta fito a shekarar 2000. Hoton Sardauna Ahmadu Bello da ke jikinta da siraran layuka aka yi shi, jikan wancan aiki na sassaƙa, ga rawani, ga suna a ƙasa, amma fuska a fili, domin a matsayin Firimiya aka sa shi.

Abin da mutanen Holan suka fi mu shi ne rubutu. Kusan kowane bugu yana ɗauke da sunan mai hoton da na mai zanen, sau da yawa har da shekara. Namu tsofaffin hotunan na hakimai da dagatai suna nan a akwatunan gidajen sarauta, gara tana ci, waɗanda za su iya cewa wane ne wannan kuma suna ƙarewa. Ya kamata majalisar masarautar Kazaure ta tattara su, ta zauna da dattawan fada a rubuta suna da sarauta da shekara a bayan kowanne tun masu shaidar suna raye.